Kuku da Kwanon Kumatu

Jawo kujerarki kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Yadda na faɗa haka za ki rubuta, kada ki gyara min magana ta koma irin ta masu karanta labarai. Labarin Kuku zan ba ki, Allah ya jiƙansa. Kin san shi, ai shi ne mai cusa miki burodi a hannu duk sanda kika wuce ƙofarsa, amma sanin yara kika yi masa.

Shekara talatin da ɗaya muka yi aiki tare a wata makarantar kwana. Ni kafinta, ina gyaran benci da gadaje da ƙofofin da ɗalibai ke ɓallewa, shi yana kicin. Kicin ɗin dogon ɗaki ne mai rufin kwano, bangonsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, tukwane huɗu a jere, kowace in kika shiga kika tsuguna ba mai ganinki. Muciyarsa ni na sassaƙa masa, tsawonta ya kai ƙirjina. Yara ɗari shida yake ciyarwa, sau uku a rana, ban taɓa jin an ce abinci ya makara ba.

Shi Kuku ba ya kallon fuskar yaro, kwano yake kallo. Yakan tsaya bakin ƙofar ɗakin cin abinci da ludayi a hannu, yara na fitowa. Duk wanda ya fito da kwano an lashe tas, sai ya tare shi.

"Koma, ba ka ƙoshi ba."

"Na ƙoshi, Baba Kuku."

"Da ka ƙoshi da ka rage. Miƙo."

Mai kula da sito ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce, "Kuku, buhun nan na kwana biyar ne, ka cinye shi a kwana uku." Kuku ya ce, "Ni na ci? Je ka duba cikin yaran, yana nan." Sau ɗaya tak ya taɓa faɗa min mafarin abin. Ya ce yana ƙarami uwarsa ta rasu, aka kai shi gidan kawunsa, gidan yara tara, shi ne na ƙarshen sa hannu. Ya ce ya san ƙarar cokali a gindin kwano tun bai san sunan ranaku ba. Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Da aka sallame mu, muka kama haya a gida ɗaya, ɗakinsa jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya tana gidan miji can ɗaya ɓangaren gari. Mutum shi kaɗai, amma bai iya dafa abincin mutum ɗaya ba. In ya ɗora tukunya sai ta ishi mutum goma, ya bi ƙofa ƙofa yana rabo. Kakarki takan ce, "Kuku, gidan nan fa ba makaranta ba ne." Ya ce, "Hannuna ne bai ji an yi hutu ba." A cikin shekarun ne likita ya gano yana da ciwon suga, aka raba shi da duk wani abu mai zaƙi. Shayinsa ya koma salam, yana sha yana yatsina fuska kamar mai shan magani.

To 'yar tasa tana da yarinya, shekararta tara a lokacin. Kuku ba ya kiran sunanta, uwar ɗakina yake ce mata, don ita kaɗai ce ke ba shi umarni ya bi. Ita ce ta faɗo daga matakalar bene a makarantarsu, ƙashin cinya ya karye. Aka kwantar da ita asibiti, aka ɗaure ƙafar sama da igiya da wani ƙarfe mai nauyi yana reto, aka ce sati bakwai ba sauka. Uwar dole ta tare a asibiti. Uban direban babbar mota ne, in ya tafi sai ya yi sati biyu ba a gan shi ba. Gida ya rage ba kowa, sai wata 'yar dabba da yarinyar ke kiwo.

Hamsta ake ce masa. Kamar ɓera yake, sai dai ba jela, ɗan guntu ne kawai kamar ƙwayar shinkafa. Bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari, duk girmansa bai cika tafin hannu ba. Ta sa masa suna Kumatu. Yana cikin keji mai 'yar taya da yake shiga yana gudu ba ya zuwa ko'ina, da kwalbar ruwa mai bututu, da wani ɗan gida na roba a kusurwa, da kwano kamar murfin kwalba babba.

Ina wurin ranar da ta ba shi. Mun je dubiya da yamma, tana kwance ƙafa a sama, fuska duk ta faɗa. Ta kama hannun rigarsa.

"Kaka, Kumatu zai zauna wurinka. Amana na ba ka. In na fito ka ba ni shi da ransa."

"An gama, uwar ɗakina."

"Na rubuta maka komai a takarda, tana cikin ledar abincinsa. Ka bi ta."

"An gama."

Uwar ta ja shi gefe ta ce, "Baba, ka ga yarinyar nan ba ta cin abinci, ba ta barci, ba ta da zance sai na dabbar nan. Don Allah ka lura." Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Muka ɗauko keji a mota, ya ajiye shi kan tebur kusa da rediyo. Ya buɗe ledar, ga wasu 'yan ƙwayoyi gauraye, hatsi iri iri da 'ya'yan wani abu, ga takarda an ninke huɗu. Ya buɗe, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ni ban yi karatu ba, kin sani. Shi ma bai yi ba, sai dai lamba, yana gane lamba a jikin buhu da sikeli. Na ce mu kai wa malamin da ke ɗakin ƙofa ya karanta mana. Sai ya ɗaure fuska.

"Kafinta, ni da na ciyar da yara ɗari shida, sai an karanta min yadda ake ciyar da ɓera?"

Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin rediyo. Ni na san ba girman kai ba ne kaɗai. Yarinyar ba ta san kakanta bai iya karatu ba, kuma ba ya so maganar ta zaga gida ta kai kunnenta.

Washegari da safe ya cika kwanon. Ya juya ya ɗora ruwan shayi, ya waiwayo, kwano wayam. Ya ƙwala min kira ta bango. Na shigo, ga dabba zaune a kan ƙafafun baya, fuska ta kumbura gefe da gefe har kafaɗa, yana kallonmu.

"Ka gani? Yunwa ce. Yaran zamani, suna son dabba ba su san ciyarwa ba."

Ya ƙara. Kumatu ya shige ɗan gidansa, ya fito fuska ta koma daidai, ya hau kan kwano, kan ka ce kwabo ya share. Kuku ya ƙara. A ranar sau biyar ya cika kwanon nan, yana murna, yana cewa bai taɓa samun ɗalibi mai ladabin ci irin wannan ba. Ledar da aka ce za ta kai har a sallami yarinya, kwana tara ta yi.

Da ta ƙare muka tafi kantin bakin titi tare. Kuku ya tsaya gaban kanta yana duba kwalaye. Sai ya hango abin nan da yara ke zuba wa madara da safe, kwanfilas, irin mai ƙyalli da aka shafe da zuma da sukari. Ya ce shi uwar ɗakinsa ke ci in ta zo kwana. A jikin kwalin akwai hoton wata dabba kamar kurege, riƙe da cokali, tana dariya. Ya nuna min da yatsa.

"Kafinta, dubi nan. Wannan ba ɗan'uwansa ba ne?"

Ki rubuta wannan da kyau, don kada a ɗora wa mamaci laifi shi kaɗai. Ni na ce masa, "Ai kuwa. Da yana cutar da su ba za a sa hotonsu ba." Da bakina na faɗa.

Kuma Kuku ba zai ba ɗalibi abinci gaya ba. Sai ya ɗumama madara, ya jiƙa, ya taɓa da bayan yatsa ya ji zafin ya yi daidai, sannan ya zuba a kwano. Yakan tsaya yana shaƙar ƙamshin, abin da aka hana shi ke nan, ya ce, "Ci, ɗan gata, ci nawa da naka." Kumatu ya share, ya shige gida, ya fito. Kuku ya ƙara.

Kowace yamma ƙarfe huɗu muna asibiti. Kafin mu zauna take tambaya.

"Kaka, Kumatu yana ci?"

"Kamar ɗan aji ɗaya ranar farko."

"Yana gudu a tayarsa?"

"Tambayi Kafinta, shi yake hana barci."

Sai ta yi dariya, uwar ta samu ta tura mata cokali biyu uku.

Gaskiya ne kuwa, tayar nan tana da ƙara, ƙiii ƙiii, ta bango nake ji, har na ɗiga mata mai ba ta daina ba. A sati na uku ne na farka wata safiya na ji kamar wani abu ya ɓace a gidan. Sai da na yi alwala na gane ban ji taya ba. Kwana biyu a jere haka. Ɗakin Kuku kuma ya fara wani tsami tsami, ya wanke tukwane, ya share ƙarƙashin gado, wari na nan. A rana ta uku ya shigo ɗakina ko sallama babu, hula a karkace.

"Kafinta, bai ci ba."

Na bi shi. Kwano cike, ko taɓawa ba a yi ba. Kumatu na kwance a kusurwa, gashi ya hargitse, kuncin dama ya kumbura dam bai sauka ba, idon wannan gefen a rufe, yana ta kai hannu yana sosawa. Kwalbar ruwa da ke kwana uku ta ƙare a yini ɗaya. Na taɓa ganin Kuku ranar da tukunyar ruwan zafi ta kife masa a ƙafa, bai yi irin fuskar da ya yi a safiyar nan ba.

Muka rufa wa keji tawul muka nufi kasuwa, wurin mai tsuntsaye, don a can uban yarinya ya sayo shi. Rumfa ce ƙunci, keji kan keji har rufi, aku na zagin masu wucewa, ƙasa duk ɓawon gero. Mai tsuntsaye ya ɗaga tawul ya leƙa, ya taɓe baki.

"Baba, wannan ya kama hanya. Su dama ba su da ƙarko. Na yarinya ne?"

"Na jikata ne, tana asibiti."

"To ai da sauƙi." Ya sa hannu a wani keji ya zaro wani, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari, kamar an tsaga kara. "Ga shi. Ka sa shi a keji, ka bar min wancan. Iyaye da yawa haka suke yi, yaro ba ya ganewa. Kafin ta fito ma ta manta kamanninsa."

Ya ɗora wa Kuku a tafin hannu. Dabba mai lafiya, ido tar, yana shinshina yatsunsa. Ni kuma, ki rubuta wannan ma, na matsa kusa na ce, "Kuku, karɓi. Yarinyar nan da ƙyar take cin abinci. In wancan ya mutu a hannunka me za ka ce mata?"

Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Har na ɗauka ya yarda. Sai ya miƙa wa mai tsuntsaye kayansa.

"Wancan ta ba ni. In ya mutu, in je in ce ya mutu. Akwai mai duba irin su a garin nan?"

Mai tsuntsaye ya yi dariya, ya ce akwai wata likitar dabbobi bayan tashar mota, kusa da tankin ruwa, amma ita ma awaki da karnuka ta sani.

Muka same ta wajen azahar. Tsakar gida ce da benci biyu, wani da tunkiya mai tari, wata da kaji a kwando, wani da kare ɗaure da sarƙa. Tsofaffi biyu da keji a lulluɓe, kowa sai kallonmu yake. Mai tunkiya ya ce, "Baba, aku ne?" Kuku ya ce a'a. Mutumin ya ɗaga tawul da kansa ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah. Mu muna sa musu tarko, ku kuna kawo su asibiti." Kuku ya gyara tawul.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko Kumatu a hankali, ta taɓa kuncin, ya yi ɗan kuka.

"Baba, me kake ba shi?"

Kuku ya zaro kwalin daga jaka, ya ajiye kan tebur hoton na kallonta. "Ba na ba shi gaya. Da madara, mai ɗumi."

"Sau nawa a rana?"

"Duk sanda kwano ya ƙare."

Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta sa hannu cikin keji ta ɗaga ɗan gidan nan na roba, wanda mu ba mu taɓa ɗagawa ba don muna ganin ɗakin kwanansa ne, ba a shiga. Warin da ya taso sai da na ja baya. Tudu guda ne a ƙarƙashi. Ƙwayoyin nan na ledar farko suna nan kusan duka, a kansu kwanfilas jiƙaƙƙe ya dunƙule, ya yi tsami, ya yi funfuna kore da fari.

"Baba, ka ga sitonsa. Ba ci yake yi ba, ɗiba yake. Kumatun nan jaka ce, yana cikawa ya kai gida ya zazzage ya dawo. Ko buhu ka ba shi sai ya kwashe. Kwanonsa ya zama wayam ba yunwa ba ce, halinsu ne."

Kuku ya sunkuya yana duban tudun. Ta ɗauki kwalin tana karanta gefensa.

"Wannan kuwa kusan rabinsa sukari ne. Da ya jiƙe sai ya yi danƙo, ya manne a cikin kuncin ya ƙi fita, ya ruɓe a ciki, shi ne kumburin. Ga shan ruwan da ka ce yana yi, ban so shi ba. Su ma suna kamuwa da ciwon suga."

"Ciwon suga," in ji Kuku. "Irin nawa?"

"Kana da shi? To abin da aka hana ka, shi ma an hana shi."

Na ce, don in rage masa nauyi, "Likita, hoton ne ya ruɗe mu." Ta ce hoton don yara aka yi shi. Ta ce irin wanda ba sukari, ba gishiri, ba cakulan, ana iya ba shi ɓalli ɗaya busasshe, sau ɗaya a sati, don marmari. Amma ba abincinsa ba ne, kuma ban da madara.

Ta shiga da shi ciki. Muna jin ƙarar ƙarafa a faranti. Da ta fito ta nuna mana abin da ta ciro a kan auduga, dunƙule kamar ƙwayar wake, baƙi. Ta ce ta wanke kuncin da ruwan ɗumi, ta ba mu magani a 'yar kwalba, ɗigo ɗaya safe da yamma, da ledar abincinsu na gaskiya. Ta ce ba za ta yi mana alkawari ba, dabbar ƙarama ce kuma ta galabaita, kwana uku zuwa huɗu za su nuna.

Har mun miƙe, sai Kuku ya cire hula, ya zaro takardar nan daga ciki. Ashe ya ɗauko ta. Ya miƙa mata bai dube ta ba.

"'Yata, karanta min wannan."

Ta karanta a fili. Cokalin shayi biyu, da yamma, sau ɗaya a rana. A canza ruwa kullum. A ɗaga gidansa duk kwana uku a kwashe abin da ya lalace. Sai layin ƙarshe, an ja masa layi biyu a ƙasa: Kaka, kada ka ƙara masa ko ya kalle ka, ɓoyewa yake yi, na san halinka.

Muka hau mota muka nufi gida.

Da muka isa ya wanke keji da ruwan zafi, ya shanya, ya shimfiɗa sabuwar takarda. Sannan ya kawo min ledar abincin da cokali har ɗaki.

"Sa a akwatin kayan aikinka ka kulle. Da yamma ka auno min biyu. Ko na roƙe ka kada ka ƙara."

Ya kuwa roƙa. A rana ta biyu Kumatu ya lallaɓa ya kwashe rabin abin da aka zuba, zuwa safiya kwano wayam. Kuku ya zo ƙofata sau uku kafin azahar. Na farko ya ce ko rabin cokali. Na biyu ya ce likita ba ta san marar lafiya na son ƙari ba. Na uku ya tsaya kawai yana kallon akwatin. Na ce, "Kuku, je ka zauna." Daga baya na leƙa na ga ya juya kujerarsa ta ba keji baya.

Saura maganar asibiti. Kwana biyu bai je ba, ya ce ƙafa ke ciwo. A rana ta uku 'yarsa ta tare mu a baranda, ya gaya mata komai. Ta riƙe baki.

"Baba, kada ka faɗa mata. Jiya ta kwana da zazzaɓi. Ka ce lafiya lau, in ya warke shi ke nan."

"In bai warke ba fa?"

"Sai mu san abin yi."

Muka shiga. Ko zama ba mu yi ba.

"Kaka, ina ka shiga? Kumatu yana ci?"

Uwar tana ta yi masa ido. Ya jawo kujera, ya zauna daidai kanta, ya ɗora hula a gwiwa.

"Uwar ɗakina, Kumatu ba shi da lafiya. Ni na jawo. Na cika masa abinci, na ba shi irin naki na safe da madara, ya manne masa a kunci. Likita ta cire, yana shan magani. Ba a sani ba tukuna."

Ta kalli igiyar ƙafarta. Hawaye ya gangaro ya shige kunne.

"Na rubuta maka fa. Har layi na ja."

"Kin rubuta."

"To me ya sa ba ka karanta ba?"

"Ban iya ba."

Ta juyo da kai. "Ba ka iya me ba?"

"Karatu. Ban taɓa shiga aji ba, uwar ɗakina. Bayan aji na yi shekara talatin, wurin tukwane."

Ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta juya fuska bango. Uwar ta ce mu tafi haka nan. Har mun kai ƙofa muka ji muryarta, ba ta juyo ba.

"Cokali biyu. Na shayi, ba irin naka na miya ba."

"Biyu, na shayi."

"Gobe ka zo ka faɗa min, ko mene ne."

Kwana na huɗu, da asuba, ina ɗaura agogo na ji ta bango, ƙiii. Ta tsaya. Sai kuma ƙiii ƙiii. Na fita ba takalmi. Na sami Kuku tsaye a tsakar ɗaki da buta a hannu, ya kasa ajiyewa, wai kada ƙara ta sa Kumatu ya fasa gudu. Kumburin ya sauka, idon ya buɗe rabi. Shan ruwan ma a hankali ya ragu, da muka koma likita ta ce da alama an tare abin da wuri.

Ranar da aka sallami yarinyar, kai tsaye gidanmu ta sa aka kawo ta, ko gida ba ta biya ba. Ta shigo da sanduna biyu a hammata, ƙafa ɗaya ta sirance. Ta zauna bakin gado, aka ɗora mata keji a cinya. Ta ɗaga ɗan gidan ta duba, 'yan ƙwayoyi ne busassu ba su fi cikin cokali ba. Ta ɗauko Kumatu, ta juya shi, ta buɗe bayan kunnensa na hagu tana dubawa.

"Ya rame."

"Ya rame," in ji Kuku.

"Amma shi ne. Ga ɗan farin gashinsa. Wata a ɗakinmu ta ce da ta koma gida ta tarar an canza mata kyanwa, ana ce mata ita ce."

Kuku ya dube ni. Ni kuwa na sami wani katako a rufi da ke son gyara, na tsaya ina nazarinsa.

Uwar ta ɗauki keji, uban ya ɗauki jaka. A bakin ƙofa uwar ke cewa wata mai zuwa za su koma asibiti kwana uku a sake duba ƙashin, sai a nemi maƙwabciya ta riƙe dabbar. Yarinyar ta tsaya, ta gyara sanda.

"Wurin Kaka za a kawo shi."

"Wurin Kakan?" in ji uwar.

"Eh. Maƙwabciya ba ta san komai a kansa ba. Shi yanzu ya sani."

Kuku ya ce, "An gama, uwar ɗakina," ya riƙe mata ƙofa har ta fita da sandunanta.